Ranar da Na Miƙe wa Motar Yaya Ƙafafu

Ba zan taɓa mantawa ba da warin robar nan. Har yau in ina wucewa bakin kasuwar Tawa wani ɗan kabu-kabu ya ja birki taya ta goge gudron, wato kwalta, sai in sunkuyar da kai kamar an kira sunana a lasifika. Abokaina na fada, majalisarmu ta shan shayi, sun san labarin, har bidiyonshi gare su (Bashir, in kana karanta wannan, ban yafe ba tukuna). Amma rabi sunka sani, rabin da ake dariya. Sauran rabin cikin mota ya faru, gilas a rufe, kuma shi ne nake so in ba ku yau.

Yaya Habibu shi ne ɗan farin Innarmu, ni ne auta. Ya tafi bida, wato ci-rani, Abijan tun ina ƙaramin aji, kamar yadda rabin samarin Adar ke yi. Sai dai sauran suna dawowa da damina, wannan ya kafa ɗakin siminti, wancan ya yi aure, wani ya sayi babur. Yaya shiru. Sai gaisuwa a waya da ɗan abin cefane. A ƙauyenmu, can bayan Bambeye, magana ta daɗe tana yawo cewa ɗan Inna ya shiga duniya, shekarunshi sun tafi a banza. Ba a faɗa gabanta, amma duk ta ji.

Rannan sai ga hoto ya shigo wayata. Mota ja, ƙofa biyu, gajera, kwance da ƙasa kamar ƙadangare a kan dutse. Irin ta tsere. Kowane ɗan bida mai hankali motar ɗaukar fasinja yake saye, Yaya ya je ya sayo wadda ko ɗan akuya ba ta da wurin sa shi. Bayan hoton sai saƙon murya, yana dariya:

"Auta, ka faɗa ma Inna ta tanadi zanenta mai kyau. Ni da kaina zan kai ta ƙauye. Gaban mota, gilas a sauke, kowa shi gani."

Na kunna shi tsakar gida, na ƙure murya. Inna na tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Kashe abin ga, ya cika mani kunne."

Wanda ba ɗan nan ba ne zai ce ba ta damu ba. Kunyar ɗan fari ce. Tunda nake ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna ba. "Wancan" take cewa, in ta yi nisa ta ce "mutumen Abijan". Ba ta tambayar lafiyarshi, sai dai ta zauna kusa in ana maganarshi ta yi kamar tana tsintar tsakuwa a shinkafa. Amma cikin satin nan na ga ta ciro wani leshi daga ƙasan akwati ta aika wa tela.

Ya turo motar gaba tare da wani direba ɗan Tawa da ke dawowa gida, shi zai biyo bas in ya gama haɗa kayanshi. Sai zazzaɓi ya kama Yaya. Kafin mu gama cewa "Allah shi sawwaƙe" an kira mu an ce sai haƙuri. Can anka rufe shi, ba wanda ya ga gawarshi cikinmu. Motar kuwa ba ta san abin da ya faru ba, tana hanya. Muna zaune bisa tabarmi ƙofar gida ana karɓar gaisuwa ta shigo lungunmu nan Tawa tana gurnani. Direban ya fito da makulli a hannu, ya rasa wa zai miƙa wa. Ni na karɓa.

Inna ba ta leƙo ba. Ba ta kuma yi kuka ba, ba ranar ba, ba bayanta ba. Mata na shigowa suna kuka, ita ke ba su haƙuri.

Da sadakar arba'in ta matso, wadda za a yi a ƙauye inda danginmu suke, ina wanke fuska da safe sai na ji ta bayana.

"Auta. Abin can na ƙofar gida, yana iya hanyar ƙauye?"

"Yana iyawa, Inna."

"To."

Iyakar maganar ke nan. Amma na gane. Alkawarin da ta ce ya cika mata kunne, shi take so a cika. Tana so ta shiga garin da anka ce ɗanta ya lalace, cikin abin da ya aiko. Ni kuma na ɗauki abin na ɗora ma kaina kamar an naɗa ni sarauta.

To, a nan ne wayona ya shigo.

Ina ɗan fita da motar da yamma wai don kada batir ya mutu (batirin ya fi son hanyar da ke bi gaban fadarmu da wajen masu sayar da tsire, ban san dalili ba). Wata rana na tsugunna ina goge janti, ƙarfen da taya ke zaune a kai, sai na lura tayoyin baya ba a miƙe suke ba. Samansu ya shige ciki, ƙasansu ya buɗe waje, sak mai gwame. Na sa hannu ta ciki na shafa: gefen ciki ya cinye, sumul kamar tafin hannu, gefen waje kuwa kamar jiya anka saye shi. Na zaga masu faci da masu sayar da taya, kowa ya duba ya girgiza kai. Irinsu masu faɗi ne, marasa kauri, babu su a Tawa, sai an yi saƙo daga nesa, kuma ba za su iso kafin sadaka ba. Ke nan waɗannan da ke jikinta su za su kai Inna ƙauye, ko suna so ko ba su so.

Na kai ta garaj a duba mata paralelizim. Ta ƙi hawa wurin aunawa, hancinta na gugar ƙarfe tun tayar gaba ba ta taɓa shi ba. Mai garaj ya ce in bari ya nemo katakai gobe. Ni da gaggawa, na ce a bar shi. Ina da waya, ina da kredin shiga intanet, kuma na yi lise, na gama sakandare.

Na kwashe kwanaki ina kallon bidiyon wani Bature mai garaj fes kamar ɗakin tiyata. A wurinshi na koyi cewa abu biyu ke cin taya. Akwai paralelizim, wato ko tayoyin suna kallon gaba sosai ko suna harare-harare. Akwai karosaj, wato jinginar nan ta gwame. Ya ce masu motar tsere suna son jinginar don kwana, amma in kana son taya ta daɗe, ka rage ta. Ni da na ji "rage", sai na ce me zai hana in kashe ta baki ɗaya? Ya kuma ce, da babbar murya, a auna mota da nauyin da ta saba ɗauka. Shi nauyin da tashi ta saba ɗauka shi ne shi kaɗai, da ɗan tabaranshi.

Na samu daɓen wani shago da ba a gama ginawa ba, shi ne wuri mafi daidai a unguwarmu. Na jera bulo, na ja zare ta kowane gefe, na ari kile na kwance noti da kirik na ɗaga mota. Na ɗora buhun siminti a kujerar direba ya tsaya a madadina (ni da buhun siminti kusan nauyinmu ɗaya, ba abin alfahari ba ne). Na manna waya jikin janti tana nuna mani karkata. 'Yan fada sunka kwaso butar shayi sunka dawo wurin, an samu sinima kyauta.

Bashir ya ce, "Injiniya! Wai shi Yaya duk zamanshi da motar bai ga ta karkace ba, sai kai?"

Ina kwance ƙarƙashin mota, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Yaya ya iya sayen mota. Gyaranta kuma sai mu."

Anka yi dariya. Ni ma na yi. Wannan maganar, in da ana sayen magana a mayar da ita ciki, da na sayar da wayar da nake rubutun nan da ita.

Na juya bulon, wato notin saita tayar, na auna, na sake juyawa, har tayoyin baya sunka tsaya cak kamar sojoji a fareti. Da na sauke ta na lura saman tayar yanzu ya fito, yana daidai ƙarƙashin leɓen ƙarfen jikin motar. Na ga abin da idona. Har yatsa na zura tsakaninsu, ya shige, na ce "parfe", ya yi daidai. Na sa Bashir ya ɗauke ni bidiyo ina bayani, hannu ɗaya a aljihu, ina cewa tayoyin nan yanzu sai sun gaji da duniya don kansu.

Ranar sadaka lissafina mai sauƙi ne: ni, Inna, da jakarta. Sauran dangi za su bi taksin daji, 'yan fada kuma bisa babura. Inna ta fito cikin leshin nan, ta yafa farin mayafi. Ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba, kuma ban iya kallonta sau biyu ba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Tawa. A garin nan mota ba ta tashi zuwa sadaka da wuri a cikinta. Taksin ya cika ya tafi ya bar Gwaggo Hajo, ƙanwar babanmu, wadda ita ta goyi Yaya tun yana jariri, saboda Inna ba ta iya ɗaukarshi gaban mutane. Gwaggo kuwa Allah ya yi mata albarkar jiki, ba kaɗan ba. Tare da ita akwai Hajiya Rabi maƙwabciyarmu, ita ma ba baya ba. Sai buhun shinkafar sadaka da anka manta, da jarkar mai, da kwalin dabino, da goro, da babbar tukunya. Sannan saƙonni sunka fara fitowa daga gidaje: wannan ƙullin a kai wa wance, wannan a ba tsohuwar wane.

Na matsa kusa na rage murya. "Inna, motar ga ba ta kaya ba ce fa."

Gwaggo ta ji. Ta ce, "Mi kac ce? Motad da taz zo tun daga Abijan, Bambeye za ta gagare ta? Kauce in shiga, ɗan nema."

Inna ta dube ni kawai. Wa zai hana wadda ta goyi mai mota shiga motar?

Shigar Gwaggo kujerar baya ta mota mai ƙofa biyu aiki ne da ya ci a kira maƙwabta. Na kwantar da kujera, na ja, Hajiya Rabi ta tura, Gwaggo na salati tana zagina tare. Kofur, wurin kaya na baya, ya ƙi rufuwa sai da na hau shi. Tukunya ta zauna a cinyar Hajiya Rabi. Duk wannan bidirin ban koma na kalli tayoyin baya ba. Yatsan nan nawa mai cewa "parfe", yana aljihu yana hutawa.

A gudron wata 'yar ƙara ce kawai, shiii, kamar ana share daɓe. Na ce iska ce. Da munka sauka latarit, jar hanyar tsakuwa, kowane gargada sai in ji ƙiiit daga baya. Sai wari.

Gwaggo ta ce, "Wa ka ƙona roba?"

Na ce, "Haka motocin tsere suke, Gwaggo. Warin ƙarfinsu ne."

"To Allah shi raba mu da ƙarhin da ka wari."

Na ƙara muryar karatun da ke rediyo don kada in ji ƙarar. Wallahi haka na yi. Mutum ya ga matsala ya rufe ta da karatun Alƙur'ani, ba don tsoron Allah ba, don tsoron Gwaggo.

Mun wuce Bambeye kaɗan sai ji kake fam! Motar ta yi rawa ta zauna gefe guda. Na fito na zaga. Tayar dama ta baya ta yage, kuma ba ta gefen ciki ba, wanda na kwana ina tausayi. Gefen ciki na nan lafiya lau. Ta waje ne, gefen da yake sabo, anka yanka shi zobe guda kamar da wuƙa, zaren roba na lilo kamar taliya. Leɓen ƙarfen nan yana zaune daram bisa tayar.

Ba wanda ya yi mani bayani, a tsaye na gane. Motar gajera ce. In ta ɗau nauyi ta zauna, jinginar nan ce ke sa kan tayar ya shige ciki ya ɓuya bayan ƙarfe. Gwamen da na raina, shi ne hanyar da take sunkuyawa kaya su wuce. Ni na zo na miƙe mata wuya, na kai shi daidai bakin wuƙa, sannan na ɗora mata Gwaggo. Ko Yaya ya san haka, ko haka ya saye ta, Allah kaɗai ya sani, ba ni da wanda zan tambaya. Na tsugunna a wurin, maganar nan tawa ta ƙarƙashin mota tana dawo mani a kunne.

Sai da munka sauke kaya duka bakin hanya kafin in kai ga sekur, tayar ko-ta-kwana. Da na ciro ta, siririya kamar faifai, Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce, "Wagga ta keke ta?" Na ɗaura. In mayar da bulon yadda yake babu hali, manyan kile ɗin na aro ne, na mayar ma mai su tun ranar. In bar tsofaffi biyu da tukunya a daji kuma ba zai yiwu ba. Munka sake lodi, na ci gaba a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ina jin ta hagu tana ƙiiit, ƙiiit, ina roƙonta a zuci.

Ta yi ƙoƙari, in faɗi gaskiya. Ta kai mu har ƙoramar da ke gaban ƙauye, busasshiya, yashi da duwatsu. Muna gangarawa ta fashe. Motar ta faɗa da ciki bisa wani dutse, na ji ƙarar har haƙorana. Da na leƙa ƙasa, baƙin mai na tsiyaya cikin yashi. Ko ni da ilimina na waya na san in na sake tayar da injin, na kashe shi.

Ga ƙauye can muna hangen rumbuna. Hantsi ya ɗaga, lokacin da malamai ke zama. Waya babu rezo, ba halin kira.

Anka ciro Gwaggo. Ta gyara zane, ta dubi motar, ta dube ni, abin mamaki ba ta zage ni ba. Ta leƙa wajen Inna ta ce, "Taso mu taka, ga gari nan."

Inna na zaune, hannuwa bisa cinya, tana kallon gaba. Ta ce, "Ku tahi."

"Rana na yi, za a shafa ba mu."

"Ku tahi, Hajo."

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. Sai ta ɗauki tukunya ta aza a ka, ta ja Hajiya Rabi sunka haura. Ni na tsaya jikin mota, na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ni na ɓata."

Can sai ga mutane na gangarowa, maza kaɗan da Gwaggo ta turo, gabansu Kawu Ango bisa raƙuminshi. Kawu Ango taubashin Inna ne, tunda nake ban taɓa ganin sun haɗu ba su yi faɗan wasa ba. Tun daga nesa ya fara.

"Taubashiya! Ashe ke ta cikin ƙwaryag ga? An ce muna jirgi za ki zo da shi, ashe kwanciya shi kai cikin rairai!"

Ya sauko yana dariya ya leƙa taga. Na jira in ji ta rama kamar kullum. Sai ta ce, a hankali, "Ango, ka kai ni gari. Cikinta."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarshi. Ya dubi leshin, ya dubi motar. Ya juya ya kwance igiya.

Anka kwashe sauran kaya a kai. Anka ɗaura igiya a hancin motar, raƙumi ya ja yana kuka, maza na turawa, har ta fito daga yashi ta hau tudu. Kawu ya ce in shiga in riƙe bolan, wato sitiyari. Haka munka kama hanya: raƙumi gaba, Kawu na jan akala, janti na kukan ƙarfe bisa tsakuwa, ni kuma zaune cikin motar tseren da ta fi kowace gudu a Adar, abin da ke cika mani gilashin gaba kawai bayan raƙumi ne.

Inna ta ce, "Rufe tagogin."

Na murɗa makulli wuta ta kawo, na rufe. Gilasan masu duhu ne, na waje ba ya ganin na ciki. Zafi kamar tanda. Na ɗauka kunya ce ta kama ta, irin wadda ta kama ni, har na ji daɗi a raina.

Sai na ga ta miƙa hannu tana shafa gaban motar, a hankali, kamar mai shafa kan yaro. Ta taɓa tasbahar da ke rataye a madubi, ta Yaya ce, ban taɓa cire ta ba. Ta shaƙi iska, har lokacin akwai sauran turarenshi a kujerun.

"Nan yake zama?"

"Nan, Inna."

"Ya yi jiki, ko yana nan yadda yake?"

Shekara da shekaru hotunanshi na wayata, ba ta taɓa yarda ta kalla ba. Na ce ya ɗan yi jiki, har da tumbi kaɗan. Ta yi wani ɗan murmushi.

"Sa mani muryar nan."

"Wace, Inna?"

"Wadda na ce ka kashe."

Na nemo ta. Muryar Yaya ta cika motar, da dariyarshi, da hayaniyar titin Abijan a bayanshi. Auta, ka faɗa ma Inna ta tanadi zanenta mai kyau. Ta ce in sake. Na sake. A na ukun ne ta dafe baki da mayafi, kafaɗunta sunka fara rawa, kukan da ta riƙe tun ranar da anka kira mu ya ɓalle. Ba mai ƙara ba ne. A cikinshi na ji ta ce, "Habibu." Sau ɗaya. Ta faɗe shi kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana shi.

Ni ban san lokacin da nawa ya zubo ba. Ina kuka, ina murɗa bolan mai nauyin tsiya, ina kallon wutsiyar raƙumi. Da injin na aiki, da tafiyar nan ba ta kai ta ko fatiha ba, kuma da Gwaggo da Hajiya Rabi na baya, da ba ta buɗe baki ba har abada. Ba ina wanke kaina ba ne. Ina faɗin yadda abin ya kasance ne kawai.

Da munka kai bakin gari ta goge fuska tas, ta gyara ɗaurin kallabi, ta daidaita mayafi. Ta zauna sosai. Ta ce, "Sauke gilas."

Na hango su. Ƙarƙashin babbar bishiyar ƙofar gidan kakanmu, tabarmi shimfiɗe, malamai, dattawa, dangi na kusa da na nesa, ga baburan 'yan fada a jere. Duk duniya ba abin da nake so lokacin kamar duhun gilashin nan.

"Inna..."

"Cewa ya yi a sauke."

Na sauke. Duka biyun.

Liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a ke nan, sai kawuna sunka juyo ɗaya bayan ɗaya. Raƙumi ya fara bayyana, sai igiya, sai jar mota tana ɗingishi, taya ɗaya ta keke, ɗaya tsumma. Ba ka jin komi sai ƙarar janti. Kawu ya karya akala zai shiga fili, ni kuma, Allah ya sani ban san na yi ba, sai na kunna kilinyota. Wutar kwana na ƙyaf-ƙyaf, ina sanar da jama'a cewa raƙumi zai yi dama.

Bashir ne ya fara fashewa. Ya toshe baki da hula, amma wayarshi na sama tana ɗauka. Wani tsoho da idonshi ya yi rauni ya tambaya da ƙarfi, "Ita ta motar da aka hwaɗi? To mi raƙumi ka yi gabanta?" Kamar mai ba shi amsa, raƙumin ya ɗaga wutsiya ya sako abin da ya sako, ƙwal, ƙwal, ƙwal, bisa jan kapo, murfin inji, suna gangarowa ɗaya-ɗaya. Dattawa na ta tari cikin rawani. Wurin sadaka ne, ba a dariya, kuma ba wanda ya iya riƙewa. Daga cikin 'yan fada wani ya ce, ba da ƙarfi ba amma na ji, "Injiniya, sun miƙe kuwa?"

Na so ƙasa ta buɗe. Motar ma ta fi ni kusa da ƙasar, ta riga ni.

Sai na waiga wajen Inna. Gwiwar hannunta na bisa taga, kanta a sama, tana ɗaga wa matan da sunka fito ƙofar gida hannu ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar matar gwamna. Ko alamar ta ji dariyar babu. Da munka tsaya ba ta motsa ba sai da na zaga na buɗe mata ƙofa. Ta sauko, ta dafa rufin motar, ta dubi matan nan da sunka daɗe suna magana, ta ce, "Motar wancan ce. Shi ya aiko."

Kawu Ango na kwance igiya, ya ga ta dawo daidai, sai ya gwada sa'arshi. "A dai riƙa hwaɗin gaskiya, taubashiya. Raƙumina yak kawo ki."

Ta ce, "Kai ja ka yi, Ango. Shi ya kawo ni."

Wasu sunka yi dariya, Gwaggo Hajo kuwa ta zauna a ƙasa ta rushe da kuka. Liman ya jira ta lafa, sannan anka yi addu'a, Inna na cikin gida, motar na ƙofa kowa na ganinta.

Sai da anka nemo babbar mota ta ɗauko ta zuwa Tawa. Tayoyin saƙo sun iso daga baya, an liƙe cikin injin. Na koma daɓen shagon nan ni kaɗai, ba fada, ba bidiyo, na mayar mata da gwamenta kamar yadda Yaya ya aiko ta. Tana cin gefen ciki har gobe. Ina gani, ina shafawa, in bar ta. Inna ba ta sake shiga ba, ba ta kuma sake faɗin sunan ba, ta koma "wancan". Bidiyon Bashir kuwa ya zaga gari, har yau akwai masu kirana Direban Raƙumi, ina amsawa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In na ga abu a karkace yanzu, ina fara tambayar wane kaya ya sa shi karkacewa kafin in ɗauko kile. Kuma duk Baturen da ya ce maka a auna mota da nauyin da ta saba ɗauka, gaskiya ya faɗa. Sai dai in a Tawa kake, kada ka sa buhun siminti. Ka je ka ɗauko Gwaggo.